Tukunyar gaz a gidan haya: nauyin wa ne?

A garin Tasawa, har ma da Mayahi, tukunyar gaz ta daina zama abin kallo. Wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Zinder zai gan su a jere ƙofar shaguna, manya da ƙanana, ana musanya wadda ta ƙare da cikakkiya. Amma in aka lura da masu saye, za a tarar da yawansu ba ƴan gari masu gidan gado ba ne. Malaman makaranta ne, da ƴan kwantaragi, da ma'aikatan gidan likita, da jandarmomi, da ƴan kasuwa baƙi, wato mutanen da aiki ya kawo su gari. Ba su da gonar da za su samo kara, ba su da lokacin zuwa daji neman itace. Kusan dukansu kuwa a gidan haya suke zaune. Saboda haka gaz ta fi shiga ɗakin da mai girki cikinsa ba shi ne ya gina shi ba, ba shi kuma da ikon fasa masa taga ko ƙara masa rumfa sai da yardar wani.

Daga nan tambayar take tasowa. In gobara ta tashi a irin wannan gida, ta cinye kayan ɗan haya, ta ƙone rufin mai gida, ta tsallaka ɗakin maƙwabci, wa za a kama? Wasu daga cikin ma'aikata da suka yi karatu a Turai suna kawo misalin can, inda mai gida ba ya ba da haya sai ya nuna takardar shaida cewa an duba kayan gaz na gidansa. Shawara ce da ta cancanci a duba ta da natsuwa, don a san abin da za a ɗauka cikinta da abin da za a bari.

Yadda gaz ta zo

Tun cikin watan Mayu na 1984, zamanin Janar Seini Kunce, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Abin da ya fi damun mahalarta shi ne saran itace, domin a ƙasar Nijar gida tara cikin goma, ko ma fiye, da itace suke girki. Daga baya aka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, aka kafa kasuwannin itace na karkara da dokar 1992, ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel kuma ta yi shirin kwaɗaitar da mutane ga gaz a ƙarshen shekarun 1980. Duk da haka gaz ba ta yi nisa ba, don daga waje ake kawo ta, tana da tsada, kuma ba ta cika wuce Yamai da manyan birane ba.

Abin ya sauya ne ranar 28 ga Nuwamba 2011, da aka buɗe matatar mai ta SORAZ, arewa da Zinder kan hanyar Tanut, wadda ke iya tace ganga dubu 20 a yini na ɗanyen man Agadem. Matatar tana fid da gaz ta girki tare da fetur da gazuwal. A 2012 aka yanke farashin ƙaramar tukunya ta kilo 6 a kan sefa 1.800, wato jika ɗaya da dala 160, babba ta kilo 12 da rabi kuma sefa 3.750, jika uku da dala 150. Tasawa tana kan hanyar da motocin gaz ke bi zuwa yamma, Mayahi kuma ana kai mata ta Cadawa. Gundumomin nan biyu, a ƙidayar 2012, kowace tana da mutum sama da dubu 500. A karkararsu har yanzu mata na girki da karan hatsi da kashin shanu da abin da suka samu a Gulbin Kaba. Duk gidan birni da ya koma gaz ya rage wa gawo da kalgo da goriba gatari. Ke nan ba wanda zai so a kawo dokar da za ta mai da mutane baya ga itace da gawayi.

Takardar Ingila da ta Faransa

Ingila ba ta kai ga dokarta ba sai da ta ga asara. Ranar 16 ga Mayu 1968, a gabashin birnin Landan, wata mata ta ƙyasta ashana da sassafe don ta dafa shayi a hawa na 18 na wani bene mai hawa 22 da ake kira Ronan Point. Gaz ta riga ta cika ɗakin daga wani mahaɗi da aka ɗaura ba daidai ba. Kusurwa guda ta benen ta rufta, mutum huɗu suka mutu. Shekara biyu bayan haka aka kafa rajistar masu aikin gaz. Dokar da ke aiki a kan masu gidajen haya ita ce ta 1998. Ta wajabta wa mai gida ya kira ƙwararre mai rajista sau ɗaya kowace shekara, ya duba murhu da na'urar ɗumama ruwa da hanyar fitar hayaƙi. Mai gida zai ba ɗan haya kwafin takardar cikin kwana 28, sabon ɗan haya kuwa tun kafin ya tare, sannan ya adana ta shekara biyu. Wanda ya ƙi, tara ce ko ɗauri.

Faransa ta bi wata hanya mai sauƙi. Tun 2007 mai sayar da gida yake nuna takardar binciken gaz in kayan sun wuce shekara 15. An faɗaɗa wannan ga masu ba da haya daga 1 ga Yuli 2017 a tsofaffin benaye, sannan ga kowa daga 1 ga Janairu 2018, kuma takarda guda tana aiki shekara shida.

To, ga inda maganar take. A ƙasashen nan biyu gaz tana shiga gida ne ta bututun ƙarfe da aka binne a ƙasa aka bi da shi cikin bango, kamar yadda ruwan famfo ke shigowa. Bututun na mai gida ne, ɗan haya bai gan shi ba, ba ya kuma iya taɓa shi. Shi ya sa doka ta ɗora nauyinsa a wuyan mai gida. Dokar Ingila kanta ba ta tilasta wa mai gida duba murhun da ɗan haya ya zo da abinsa ba. Ƙa'idar binciken Faransa ma ta fid da murhun da aka haɗa kai tsaye da tukunyar gaz ta hanyar tiyo, ta ce ba ya cikin abin da ake dubawa. Wannan da suka fid da kuwa shi ne kaɗai irin gaz ɗin da ke Tasawa da Mayahi. Babu gari ko ɗaya a Nijar da gaz ke bin bututu zuwa gidaje. Tukunya ɗan haya ke saye, da ita yake tarewa, da ita yake tashi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. In aka kwafo takardar Turai yadda take, mai bincike zai zo ya tarar da bango huɗu da rufi, ya sa hannu, ya karɓi kuɗinsa, mai gida kuma ya ƙara kuɗin a kan haya. Ba a ma yi maganar inda za a samo masu binciken da za su kai Kanambakashe da Urafan ba.

Wannan ba ya nufin mai gida ya fita ke nan. Haɗarin yana hannu uku ne, kuma sai an san halin gaz kafin a gane rabon kowa.

Gaz ɗin da ke cikin tukunya ruwa ce da aka matse. In ta fita, lita guda tana zama iska fiye da lita 200. Ta fi iskar da ake shaƙa nauyi kusan ninki biyu, don haka ba ta tashi sama kamar hayaƙi, sai ta kwanta ƙasa ta bi gangare kamar ruwa. Asalinta ba ta da wari. Da gangan ake zuba mata abin nan mai ɗoyi don hanci ya ji ta. In ta kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyastu guda ya isa. Ɗaki mai tsawon mita huɗu, faɗi uku, tsayi uku, abin da bai kai kilo biyu ba ya ishe shi, wato ƙasa da sulusin ƙaramar tukunya. Da yake kuma a ƙasa take taruwa, inda ake ajiye murhu da fitila da maganin sauro mai hayaƙi, inda kuma yara ke kwance kan tabarma, abin da bai kai haka ba ma yana iya kamawa.

Hannu na fari shi ne na kamfanonin da ke cika tukwane, irin su Niger Gaz da Sonihy da Gani Gaz da Oriba. A nan ƙasar tana da wata sa'a da ba a cika lura da ita ba. Mai saye yana mai da tukunyar da ta ƙare ya karɓi wata, tukunyar kuma ta koma wurin cikawa na kamfani, inda ake iya auna ta, a duba bakinta, a fid da mai tsatsa ko wadda ta lotse. Ba a cika tukunya har baki, ana barin wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 don ruwan ya samu wurin kumbura in ya ji zafi, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Ƙasar Gana sai da tashar gaz ta fashe a unguwar Atomic Junction ta birnin Akara ranar 7 ga Oktoba 2017, mutum bakwai suka mutu, sannan gwamnatinta ta yanke shawarar komawa ga irin wannan tsari na musanya. Abin da ke ɓata tsarin a nan shi ne ƙarancin gaz, wanda aka sha yi, ko don an tsai da matata ana gyara, ko don ana karkatar da kaya zuwa inda suka fi tsada. A irin wannan lokaci ne ake samun masu juye gaz daga babbar tukunya zuwa ƙarama a bayan shago, ba ma'auni, ba gwaji. Hukumar ARSE da aka kafa a 2015 don sa ido kan harkar makamashi, da ma'aikatar kasuwanci, su ne ke da wannan fage, kuma ba takardar mai gida ce za ta gyara shi ba.

Sai dai akwai wurin da mai gida ya shiga dumu-dumu. Gidajen da ke bakin hanya sukan fasa shago a gaba su ba da haya, iyalai kuma suna kwana a bayan bango guda. In wanda ya kama shagon mai sayar da gaz ne, to, tukunya talatin ko hamsin na kwana kusa da kan mutane, wani lokaci maƙwabcinsa mai walda ne ko mai tuyar ƙosai. Ranar 4 ga Janairu 2020 wani shagon gaz ya fashe a Sabon Tasha, cikin birnin Kaduna, ya kashe aƙalla mutum biyar, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya, wanda bai je sayen gaz ba, yana dai kusa da wurin ne. Nijar tana da doka tun ranar 24 ga Mayu 1966 a kan wuraren sana'a masu haɗari ko masu cutar da maƙwabta. Mai gidan da zai ba da shago ga mai gaz ya kamata ya nemi ganin izinin hukuma kafin ya miƙa makulli, hukumar gari kuma ta san inda kowane ma'ajin gaz yake. In ana neman takardar da za a wajabta, ga inda ta fi amfani.

Ɗakin da ake girki

Hannu na biyu shi ne ginin kansa. Gidan haya na talakan ma'aikaci sananne ne: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, bayan gida ɗaya, madafa kuwa sau da yawa babu. Mai itace tana kafa duwatsu uku a tsakar gida ta yi girkinta. Mai gaz ba ta iya haka kullum. Iskar hunturu tana kashe mata wuta, ruwan damina yana korar ta, ranar bazara ba ta dace da tukunya ba, ga kuma tsoron ɓarawo, tunda tukunyar kanta kuɗi ce. Sai ta shige da ita ɗakin kwana. Ɗakin kuwa an gina shi don ya tare zafi da ƙura: ƴar taga guda can sama kusa da rufi, wadda ake toshewa da tsumma in sanyi ya zo, ƙofar kwano ɗaya, da dokin ƙofa mai tudu don kada ruwan sama ya shiga. Dokin ƙofar nan da ke tare ruwa daga waje shi ne ke tare gaz daga ciki. Tagar sama ba ta fid da abin da ya kwanta ƙasa. Ɗakin ya zama kwarya.

Wani mai gidan in an matsa masa sai ya kafa rumfar zana ya ce ga madafa. Jahar Maraɗi ta san saurin wutar zana. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 azuzuwan zana suka kama wuta a wata makaranta cikin birnin Maraɗi, yara sama da 25 suka rasu cikin ƴan mintoci. Ba gaz ce ta jawo wannan ba, amma duk wanda ya tuna ranar ba zai kira rumfar ciyawa wurin kunna wuta ba.

Abin da ake bukata daga mai gida ba mai tsada ba ne: ƴar madafa ta bulo ko ta ƙasa da rufin kwano, a gefe da ɗakin kwana, da ƙofa mai rufuwa, da kafofin iska biyu, ɗaya ƙasa daf da daɓe, ɗaya sama. In fili bai isa ba, a fasa kafa guda a gindin bangon ɗakin a sa mata raga. Doka ba ta yi shiru a kan asalin wannan nauyi ba. Kundin dokar farar hula da ƙasar ta gada, a sashe na 1719, ya ɗora wa mai ba da haya ya riƙe gidan cikin halin da zai yi amfanin da aka kama shi dominsa, kuma akwai dokar haya ta ranar 18 ga Afrilu 1996. Gidan zama kuwa ba ya cika gidan zama in ba a iya dafa abinci cikinsa ba tare da an sai da rai ba. Matsalar ita ce a garuruwan nan haya da baki ake ƙulla ta, ta hannun dillali ko ɗan'uwa, ba a rubuta komi. Ranar da rigima ta kai gaban mai unguwa ko alƙali, mai gida ya ce bai san ana girki a ɗaki ba, ɗan haya ya ce ba a nuna masa wani wuri ba.

Hannu na uku na ɗan haya ne, kuma gaskiya ita ce yawan yoyo daga nan yake farawa. Ƙaramar tukunya ana murza mata murhu a ka, tsakaninsu akwai ɗan zoben roba da ke bushewa ya tsage. Babba tana da tiyo da ƙarfen da ke rage ƙarfin iska, wanda masu gyara ke kira detander. Tiyon gaz na ainihi yana ɗauke da shekarar da zai daina aiki a rubuce jikinsa, a Faransa shekara biyar ko goma gwargwadon irinsa. A kasuwa kuwa ba wuya a ga an yanko tiyon ban ruwa an ɗaure shi da waya. Kumfar sabulu a kan mahaɗi tana nuna yoyo, ashana ba abin gwaji ba ce. Wanda ya ji wari ya rufe tukunya, ya buɗe ƙofa, ya fid da yara, kada ya taɓa makunnin lantarki. Wutar kirki shuɗiya ce. In ta yi ja ko rawaya tana baƙanta gindin tukunyar miya, to tana fid da iska mai guba marar wari wadda ke sa ciwon kai da barcin da ba a farkawa. Lambar masu kashe gobara 18 ce, amma a Maijirgi ko Sarkin Hausa ko Korgom, maƙwabta da bokiti su ne ke fara isowa.

In za a yi takarda, to ta zama ta waɗannan abubuwa, ba ta bututun da babu shi ba. Shafi guda ya isa, da Hausa, boko da ajami, a cika shi ranar da ake miƙa makulli gaban mai unguwa. A rubuta inda aka ware don girki, da ko akwai kafar iska a ƙasa, da ko akwai shagon gaz ko na fetur a jikin gidan. Ɗan haya shi ma ya sa hannu cewa tukunyarsa ta kamfani ce, ba zai kwana da ita a buɗe ba. Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci suna iya karanta irin wannan su kuma cika wa wasu, ba sai an jira injiniya daga Maraɗi ba. Ma'aikatan tsabta da ke zagaya gidaje don duba bayan gida da kwata ba abin da zai hana su leƙa madafa.

Akwai masu ƙin wannan, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa duk abin da aka ɗora wa mai gida, ɗan haya ne ke biya a ƙarshen wata, malamin kwantaragi kuwa albashinsa ba ya ɗaukar ƙari. Suna kuma tsoron kada masu gidaje su zaɓi hanya mafi sauƙi, su ce ba sa ba mai gaz haya, mutane su koma gawayi, wanda shi ma yana kashe mutum a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Tsoro na biyu ya fi na fari ƙarfi, kuma shi ne dalilin da bai kamata a fara da tara ba. Inda hukuma ke da iko ba tare da ta taɓa aljihun ɗan haya ba shi ne wajen sababbin gine-gine. Tasawa, wadda ta wuce mutum dubu 40 tun 2012, tana ta yanka sababbin filaye, kuma da yawa daga gidajen da ake ginawa don haya ake yin su. Mai neman izinin ginin ɗaki shida a jere, a tambaye shi inda mutum shida za su yi girki tun kafin magini ya ɗora bulo na fari. Kafar iska a gindin bango, in tun wajen gini aka bar ta, bulo ɗaya ne da ba a sa ba.